Inna Mai Burkutu da Kwalbar Italiya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Talatu,

Gaisuwa da ladabi da durƙuso, cikin sunan Ubangiji. Ina fata kina hutawa inda babu hayaƙin murhu, babu ciwon baya. Ni ce Asabe, autarki, nake rubuto miki daga Manchester. Muna nan lafiya lau, sai ruwan saman garin nan da ba ya gajiya.

Na san ba ki yi karatu ba, na kuma san inda kike wasiƙa ba ta zuwa. Amma a shafina na intanet zan liƙa wannan, kuma akwai masu leƙe. Wasunsu sun riga sun ji labarin a karkace, har an kira ni a waya ana yi mini nasiha. To, su matso su ji daga bakin mai shi. Ni dai da ke nake magana.

Shekara goma ke nan da tafiyarki. Yaya Bitrus ya ce a yi taron tunawa da ke a gidansa na Handsworth, can Birmingham, ranar Lahadi bayan an taso daga sujada. Kin bar shi yana malamin makaranta, to yanzu akanta ne mai lissafin kuɗi, kuma dattijon ikilisiya, har da ɗan tumbinsa. Ya kira ni ya raba aiki. Shi zai yi jawabi, matarsa za ta dafa shinkafa, ni in zo da nama. Sai ya karanta mini abin da ya shirya zai faɗa a kanki. Wai ke 'yar kasuwar hatsi ce, mai sana'ar dawa.

Sana'ar dawa fa, Inna!

Na yi dariya har na ƙware, na ɗauka wasa yake. Ashe da gaske yake. Ya sauke murya irin yadda yake yi in zai yi addu'a, ya ce, "Asabe, kada ki kunyata ni a gaban mutanena. Kalmar nan kada ta fito a gidana."

To, ga kalmar nan na rubuta ta: burkutu. Uwata burkutu take dafawa. Da shi ta ciyar da mu bayan rasuwar Baba, da shi ta kai mu makaranta, da shi ta sayi takalmin farko da Yaya Bitrus ya taɓa sawa a ƙafarsa. Ban taɓa ɓoye wannan ba ko sau ɗaya, ko a makarantar kwana, ko a asibitin da nake aikin jinya a nan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne a tara mutane da sunanki, a ci, a sha, a yi waƙa, sannan a tuna da wata mata daban wadda ba a taɓa haifa ba. In haka ne, gara a bar ki ki huta.

Ina tuna rumfarki ta bayan gida, a ƙauyenmu na wajen Malumfashi. Ina tuna dawa a shimfiɗe tana tsiro, da manyan tukwane a jere kan murhu, da ƙamshin nan mai tsami-tsami da ke kama zane ya ƙi fita ko an wanke. Ina tuna ƙoƙunanki a kife a kan gado na kara, kowanne fes.

Ina kuma tuna dokokinki, don ke ba a shiga rumfarki a yi yadda aka ga dama. Ba kya zuba wa wanda bai ci komai ba. Kina cewa, "Giyata ba ta shiga cikin da babu kowa." Sai kin tura masa kwaɗon zogale ko dafaffen wake ya ci tukuna, ko yana so ko ba ya so. In kin ga idon mutum ya fara canzawa, sai ki kife ƙoƙonsa, ko da kuɗi a hannunsa. Kuma ba ki taɓa miƙa wa kowa ƙoƙo ba sai kin fara kurɓa a gabansa, ya gani da idonsa cewa abin da kika ba shi kin yarda ya shiga cikinki.

Da na ajiye wayar Yaya Bitrus, sai na ce wallahi ba zan je Handsworth hannu rabbana ba. Burkutu dai babu shi a nan. In na ce zan dafa a ɗan ɗakina na unguwar Longsight, ƙararrawar hayaƙi za ta tara mini unguwa kafin tukunya ta tafasa. Saboda haka na ce bari in nemi 'yar'uwarsa ta ƙasar nan, in kai ta teburin, in tsaya kusa da ita in faɗi ko ke wace ce.

Akwai wani ɗan shago a lungu, bayan Oxford Road, da nake wucewa in na taso daga aiki. Wani tsoho ɗan Italiya ne ke da shi, yana sayar da cuku da taliyarsu da kwalabe. Na shiga na gaya masa gaskiya: ba ni da kuɗin manya, kuma ba na son giyar manya. Ina son irin wadda mai noma ke sha in ya dawo daga gona. Ya dube ni ta saman tabarau, ya wuce duk kwalaben da ke sama masu ado, ya sunkuya ya ɗauko wata daga ƙasa. Ja ce, sunanta Montepulciano. Sai da na yi ta maimaita sunan a cikin bas kafin ya zauna mini a baki. Kuɗinta bai wuce na kaji biyu ba.

A nan ne na ba da kaina, Inna, kuma laifinki ne. Tsohon ya buɗe wata kwalba irinta, ya zuba ɗan kaɗan a kofin gilashi, ya turo mini. Na tsaya ina kallonsa. Shi ma ya tsaya yana kallona. Na ɗan tura masa kofin, ya sake turo mini. Ni ina jira ya fara kurɓa kamar yadda duk mai mutunci ke yi, shi kuma yana jira in ɗanɗana in ce ta yi, don su a wajensu baƙo ne ke farawa. Muka yi cirko-cirko kamar zakaru. Da na ga abin ba zai ƙare ba, sai na ce masa a garinmu mai giya ce ke fara sha, kuma uwata mai giya ce. Ya yi dariya har da dafa teburin shagon, ya ɗauko wani kofin ya zuba wa kansa, ya kurɓa, sannan ya ɗaga kofin sama ya tambaye ni sunanki. Na faɗa masa. Ya kira sunan a karkace, amma ya kira shi.

Kin ga ikon Allah? Baƙon da bai san ki ba ya girmama sana'arki a tsakiyar shago, ɗan cikinki kuma yana neman sunan da zai lulluɓe ta da shi. A bas ɗin komawa gida raina ya ƙara ɓaci.

Bari in gaya miki yadda take, don na san za ki tambaya. Launinta kamar zoɓon da aka jiƙa ya yi kauri. In kin kai hanci, ƙamshin ɗinya ce nunanniya, da ɗan ƙamshin ƙasa. A baki ba ta da zaƙi ko kaɗan. Tsami ne ke fara gaishe ki, marar faɗa, sannan bauri ya biyo baya ya kama dasashi kamar kin ciji kanyar da ba ta gama nuna ba. Ba ta da jiki irin naki. Naki abinci ne, mutum ya sha ƙoƙo biyu ya koma gona. Wannan siririya ce, ita kaɗai ba ta tsayawa, sai da abin da za ta jingina da shi.

Shi ya sa na sayi kwalba biyu, ɗaya ta gwaji, ɗaya ta taro. Na ɗauki ranakun hutuna ina neman abincin da zai karɓe ta.

Na fara da tuwon shinkafa da miyar kuka. Kai, Inna, kada ki ma ji! Yauƙin miyar da baurin giyar suka haɗu suka zama kamar na tauna ƙarfe. Na tofar, na roƙi gafarar kuka.

Sai kilishi. Maƙwabciyata Hajiya Binta ce ta ba ni, wanda aka kawo mata daga Kano. Na gaya mata abin da zan yi da shi, don ba na yi mata ƙarya. Ta riƙe baki ta ce, "Ni dai kilishi na ba ki, Asabe. Abin da ya biyo baya tsakaninki da Mahaliccinki." Shekara da shekaru muna tare da matar nan, ita da sallarta, ni da cocina. In za ta shigo ɗakina ba na ajiye kwalba a tebur, ba don ina ɓoyewa ba, don ina ganin girmanta. Masu leƙen wasiƙar nan da addininsu ya hana su, su ma ina ganin girmansu, kuma ban ce kowa ya sha ba. Abin da na ce kawai, ba za a canza wa uwata sana'a bayan ranta ba.

Kilishin ma bai yi ba. Yajin ya hau kan giyar, giyar ta hau kan yajin, bakina ya kama da wuta har hawaye. Na sha ruwa na zauna ina tunanin me za ki yi da ke ce. Sai na tuna ranakun da giyarki ta ɗan yi tsami fiye da yadda kike so. Ba kya zubarwa, ba kya ƙara mata komai. Sai ki aika a sayo kan akuya, ki dafa shi da daddawa, ki rage barkono. Kina cewa, "Tsami maiƙo yake nema."

Na tafi wajen mahaucinmu na Stockport Road na sayi jelar saniya. Na dafa ta a ƙaramar wuta tun hantsi har la'asar, da albasa mai yawa, da daddawa, da citta, da ɗan masoro, attaruhu guda ɗaya tak don kada a ce babu. Naman ya yi laushi har yana zamewa daga ƙashi, romon ya yi kauri yana kama leɓe. Na ci loma ɗaya, na kurɓa. Inna! Maiƙon ya kwantar da baurin, tsamin ya wanke maiƙon, daddawar ta jawo ƙamshin ɗinyar nan ya fito fili. Kowace loma sai ta zama kamar ta farko. Na zauna ni kaɗai a kicin ina cewa, ashe matar nan ta san abin da Turawa ke zuwa makaranta su koya. Na yi kuka kaɗan, sannan na ƙara loma.

Ranar Lahadi na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham da tukunyar jela a cikin jaka, da kwalba, da wani ɗan ƙoƙo da na saya a shagon kayan gida. Falon Yaya Bitrus ya cika maƙil. Ga fasto, ga dattawa, ga matan zumunta da ankonsu, yara suna ta guje-guje a matakala suna Turancinsu ta hanci. An jera lemo da zoɓo a tebur, an kafa hotonki a tsakiya, wanda kika ɗaure fuska saboda mai hoton ya ce kada ki motsa.

Aka yi waƙa, aka yi addu'a. Yaya Bitrus ya miƙe da farar rigarsa mai dogon hannu ya yi jawabinsa. Ya iya magana, ba zan hana shi ba. Ya ce ke mai haƙuri ce, mai tsoron Allah, mai ƙwazo. Duk gaskiya ne. Sannan ya ce da sana'ar dawa kika rene mu. Mutane suka gyaɗa kai. Wata mata ta ce Allah sarki.

Aka ce ko autar tana da abin faɗa. Ai kuwa tana da shi.

Na buɗe tukunyar jela na ajiye kusa da hotonki. Na fito da kwalbar na buɗe, na zuba a ƙoƙo, na kurɓa a gabansu duka. Sannan na ce sunana Asabe, uwata Talatu mai giya ce, kuma a duk yankinmu babu wadda ta kai ta. Na ce ba wanda na zo in ba wa, nama ne nasu, ƙoƙon naki ne.

Matar Yaya Bitrus ta tsaya da cokalin shinkafa a sama. Fasto ya sami wani abu a silin yana kallo. Wasu mata biyu suka ɗauki jakunkunansu suka fita, ko sallama babu. Yaya Bitrus kuwa idonsa ya kaɗa ya yi ja, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya kira sunana sau ɗaya, a hankali. Na yi kamar ban ji ba.

Na ci gaba. Na faɗi yadda kike jiƙa dawa, ki shanya, ki kai niƙa. Na faɗi dokokinki. Bakina ya buɗe, na ji daɗin kaina, har na ce duk wannan aikin ke kaɗai kike yin sa, babu mai taya ki, ke kaɗai a gaban wuta.

Sai kawai na ji an buga tebur, har kwalaben lemo suka yi ƙara.

"Ƙarya kike, Asabe!"

Na ɗauka korata zai yi, har na fara neman jakata da ido. Sai na ga yana ɓalle maɓallin hannun rigarsa. Ya naɗe ta har gwiwar hannu, ya ɗaga wa mutane. Wani tabo ne shimfiɗeɗe, fatar wajen ta yi sumul tana ƙyalli. Na san tabon tun ina yarinya, amma ban taɓa tambayar inda ya samo shi ba.

"Ita kaɗai? Ke kina ina? Kina barci! Wa ke faskaren itacen? Wa ke riƙe muciya? Wannan tabon, tukunyar burkutu ce ta kife mini, ina aji biyar. Ke me kika sani a kai ban da ƙamshi?"

Inna, da bakinsa ya faɗa, a falonsa, a gaban fastonsa. Kuma da ya fara bai iya tsayawa ba. Ya faɗi yadda kike gane ta nuna da jin ƙarar kumfarta kawai. Ya faɗi yadda kika yi jinyar hannun nan kina kuka kina zaginsa don bai yi hankali ba. Sai ya faɗi abin da ban taɓa ji ba.

Ya ce lokacin da ikilisiya ta sa ki a ƙarƙashin horo saboda sana'arki, aka hana ki cin jibin Ubangiji a coci, aka mayar da ke bencin ƙarshe na bakin ƙofa, shi ya bar wajen yara ya zo ya zauna kusa da ke. Ya ce kika murɗe masa kunne, kika raɗa masa, "Tashi ka koma gaba. Na zauna a nan ne don ka zauna can. Kada in ƙara ganin ka waiwayo." Ya ce ya tashi ya koma gaba, kuma tun daga ranar bai waiwaya ba, don ke kika ce.

Ya zauna ya rufe fuska da hannun nan mai tabo. Babba da shi, dattijon ikilisiya, yana kuka kamar an yi mutuwar yau. Babu wanda ya san abin da zai yi. Daga baya matarsa ta ajiye cokali ta fara zuba wa mutane jela a kan shinkafa, aka ci. Ba a bar ko romo ba. Ƙoƙon kuma yana nan gaban hotonki har aka watse, ba wanda ya taɓa shi.

Da zan tafi ya raka ni bakin ƙofa. Bai ce na kyauta ba, ban kuma ba shi haƙuri ba. Har yau bai kira ni ba. An ce dattawa za su zauna a kan maganar, kuma mai yiwuwa kujerarsa ta gaba ta girgiza. Wannan yana damuna, don yayana ne, kuma yanzu na san abin da ya biya kafin ya hau ta.

Amma ina da magana da ke, Inna, kuma ki yi haƙuri da bakina. Ba ki kyauta masa ba. Kin ɗora wa yaro kayan da ya fi ƙarfinsa, ya ɗauka shekara da shekaru shi kaɗai, ni kuma ina zaginsa a zuci ina ce masa mai gudun asali. Na san don ƙauna kika yi. Na san a lokacin ba ki ga wata hanya ba. Duk da haka ba ki kyauta masa ba.

Masu kira na suna cewa in nemi gafara, su daina wahalar da kansu. Da za a sake taron gobe, da na sake hawa jirgin nan da kwalbata. Shi kin tura shi gaba, ya tafi, ya yi miki biyayya. Ni kuwa a lokacin ina goye a bayanki a wannan bencin, kuma ba ki taɓa ce mini in tashi ba. To, ina nan inda kika bar ni, kusa da ke, kuma ba mai tayar da ni.

Allah ya ba ki hutawa ta gaskiya. Ya zaunar da ke inda babu gaba babu baya, ya ciyar da ke a teburinsa da hannunsa. Ya sanyaya zuciyar Yaya Bitrus, ya ba shi ikon waiwayowa ba tare da tsoro ba. Ni kuma ya rage mini zafin kai, amma kada ya rage da yawa. Amin.

Taki har abada,
Asabe, 'yar Talatu mai burkutu